Hukuncin Ɗanɗana Giyar Sheri, Cin Abincin Da Aka Dafa Da Ita, Da Amfani Da Khal Ɗinta

Tambaya

Ni mutumin Getso ne ta ƙaramar hukumar Gwarzo, ina karatu a kudancin Sifaniya. Al'adar mutanen nan ita ce in an tashi daga aiki ko makaranta, sai a tafi gidan abinci a sayi ƙananan faranti da suke kira tapas, ana ci ana kurɓar wani abin sha mai suna sheri. Abokan karatuna suna cewa ɗanɗanawa kawai ake yi, ba ta kai mutum ga maye, kuma wadda aka zuba a girki wuta tana ƙone ta. Akwai kuma khal da ake yi daga sherin, suna sa shi a abinci. Sannan maiɗakina da ke gida tana koyon karin kumallo irin na kudu maso yammacin Amurka ta waya, na ƙwai da wake da gurasar masara, ta ga ana ambaton kayan haɗin da ba ta sani ba. Har ta fara shakkar ƙullin waina, saboda an ce mata yis ma yana haifar da barasa. Mene ne hukuncin waɗannan abubuwa? Allah Ya saka da alheri.

Taƙaitacciyar amsa

Sheri giya ce, kaɗan ɗinta da mai yawanta haramun ne. Abincin da aka dafa da ita bai halatta ba. Khal ɗin da ya riga ya juye ya halatta a wurin malamai da yawa, ciki har da Malikiyya. Waina da gurasa halal ne babu shakka. Hukunci yana bin haƙiƙar abu ne, ba sunansa ba.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: mene ne sheri?

Sheri giyar inabi ce da ake yi a lardin Kadis na yankin Andalus, a garin Jerez da garuruwa biyu maƙwabtansa, Sanlúcar de Barrameda da El Puerto de Santa María. Sunan ya samo asali ne daga Sharish, yadda Larabawa suke kiran garin a zamanin da yake hannun Musulmi, tun daga shigarsu Andalus a shekara ta 711 miladiyya har zuwa 1264. Ana matse farin inabi, a bar ruwan ya tsima ya zama giya, sannan a ƙara masa tatacciyar barasa, a ajiye shi a gangunan katako na tsawon shekaru. Saboda wannan ƙari, barasar da ke cikinta tana kamawa daga kashi 15 zuwa kashi 22 cikin 100, wato ta fi giyar inabi ta yau da kullum ƙarfi. Ƙanƙantar kofin da ake zuba ta bai rage mata komai ba, ƙarfinta ne ma ya sa ake zuba ta kaɗan.

Allah Maɗaukaki Ya haramta giya mataki-mataki. A Suratul Baƙara aya ta 219 Ya bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta girma, a Suratun Nisa'i aya ta 43 Ya hana kusantar salla cikin maye, sannan a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 Ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya yi umarni da a nisance ta. Umarni da nisanta ya fi hani ga sha faɗi, domin ya haɗa sha da ɗanɗanawa da saye da ajiyewa da zubawa a tukunya.

Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (Allah Ya ƙara musu yarda) cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya sanya duk abin da ke sa maye a ƙarƙashin sunan giya, kuma ya haramta shi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Wannan ya rufe maganar abokanka. Kurɓi ɗaya haramun ne ko da bai juya kai ba. Haka kuma zaman ɗanɗano da ake shiryawa a rumbunan giya, inda ake kurɓa a tofar, bai halatta ga Musulmi ba.

Ka kula da sunaye. A mafi yawan Sifaniya kalmar mosto tana nufin ruwan inabi marar barasa, amma a yankin Jerez ana kiran sabuwar giyar bana da wannan suna. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Malik Al-Ash'ari cewa wasu daga wannan al'umma za su sha giya suna kiran ta da wani suna. Lokacin da Abu Musa Al-Ash'ari ya tambayi Annabi game da abin shan mutanen Yaman na zuma da na sha'ir, amsar ta rataya ne a kan maye, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Don haka sheri ta inabi da burkutu na dawa da bammi hukuncinsu ɗaya ne.

Na biyu: abincin da aka dafa da ita

Daga cikin sanannun faranti a Andalus akwai ƙodar da ake dafawa cikin sheri. Duk abincin da ka ga an rubuta al jerez ko al vino a gaban sunansa, to da giya aka dafa shi. Wannan bai halatta ba, saboda dalilai biyu.

Dalili na ɗaya: cewa wuta tana ƙone barasa gaba ɗaya ba daidai ba ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1992, wanda Ma'aikatar Noma ta ƙasar ta dogara da shi, ya nuna cewa in an zuba giya a tafasasshen romo aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 na barasar yana nan. In an cinna mata wuta a kasko, kashi 75 yana saura. Bayan minti 15 ana dahuwa akwai kashi 40, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi ma akwai kashi 5. Wani abincin tapas ɗin kuwa cikin 'yan mintuna ake soya shi.

Dalili na biyu: mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan cewa giya najasa ce. A Muhtasar na Shaihu Khalil, wanda malamanmu na zaure suke karantarwa, an ambaci cewa naman da aka dafa da najasa, da zaitun da aka jiƙa da ita, da ƙwan da aka dafa a cikinta, ba sa karɓar tsarki, domin ta ratsa su. Wasu malamai, kamar Rabi'a malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'ad, da Shaukani, suna ganin ba najasa ce ta zahiri ba. Amma wannan saɓani a kan tsarkin tufa da jiki ne. Bai buɗe ƙofar zuba ta a girki da gangan ba, domin mai girkin ɗanɗanonta yake nema, kuma an umarce mu da nisantarta.

Wanda ya ci bai sani ba, babu laifi a kansa. Ya daina da zarar ya gane, ya kurkure bakinsa.

Na uku: khal ɗin sheri

A nan hukuncin ya bambanta, saboda abin da kansa ya canza. In aka bar giya iska tana shigarta, wasu ƙwayoyin halitta sukan juya barasar ta koma tsami. Suna ya canza, ɗanɗano ya canza, maye ya tafi. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira istihala. Khal ɗin Jerez sai ya yi aƙalla wata shida a gangar katako kafin a sayar, kuma tsaminsa ya kai yadda babu mai iya shan sa don maye. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya ci gurasa da khal, ya kuma yabe shi a matsayin mahaɗi.

Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal halal ce, kamar yadda Ibn Rushd ya ambata a Bidayatul Mujtahid. Sun yi saɓani a kan wadda aka juya da gangan. Hanafiyya sun halatta. Abin da ya shahara a wurin Malikiyya shi ne tana tsarkaka in ta juye, duk da cewa an ruwaito ƙin aikin daga Imamu Malik. Shafi'iyya sun ce ba ta tsarkaka in an jefa mata wani abu don ta juye, Hanbaliyya kuma sun hana abin da aka yi da nufi. Hujjar masu hanawa ita ce hadisin Anas a Muslim, inda aka tambayi Annabi ko a mayar da giya khal, ya hana.

Abin da ya fi natsuwa shi ne a rarrabe tsakanin abu biyu. Musulmi ba zai sayi giya ya ajiye don ya juya ta ba, saboda hadisin Anas. Amma khal ɗin da ka tarar a kasuwa ya riga ya juye a hannun waɗanda ba Musulmi ba, ya halatta ka saya ka ci. Wanda ya bar shi don fita daga saɓani ya kyauta, sai dai kada ya zargi wanda ya ci. Ka dai duba kwalbar da kyau: wadda aka rubuta vinagre ita ce khal, wadda aka rubuta vino giya ce, ko da an ce ta girki ce.

Na huɗu: sauran abincin tapas da zama a wurin

Tapas suna ne na ƙaramin faranti kawai, kowanne da hukuncinsa. Zaitun, da wainar ƙwai da dankalin turawa, da soyayyen dankali, da kifi, da jatan lande asalinsu halal ne, kuma Suratul Ma'ida aya ta 96 ta halatta abincin teku. Amma jamón cinyar alade ce, chorizo niƙaƙƙen naman alade ne, morcilla da jini ake yin ta, manteca kuma kitsen alade ne. Aya ta 3 ta wannan sura ta haramta alade da jini. Sau da yawa sukan barbaɗa yankakken jamón a kan miya ko ganye ba tare da sun ɗauke shi nama ba, don haka ka ambaci sunansa in kana tambaya. Game da naman sa da rago da kaza, mahautan Musulmi suna da yawa a garuruwan Andalus, kuma akwai cibiyar tantance halal a Ƙurɗuba, sai ka nemi nasu. Game da kwanuka, hadisin Abu Sa'alaba Al-Khushani a Bukhari da Muslim ya nuna cewa in ba a sami wasu ba, a wanke na Ahlul Kitabi a ci a ciki.

Zama a teburin da ake shan giya kuwa an hana shi. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira ba ya zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wannan bai hana ka kyautata wa abokan karatunka ba, domin Suratul Mumtahana aya ta 8 ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. Ka gaya musu matsayinka sau ɗaya cikin ladabi, ka gayyace su wurin shayi ko kofi, ko ka dafa musu shinkafa da wake da mai da yaji a masaukinka. Kada ka biya kuɗin giyar wani, kada ka miƙa masa, domin la'anar da ta zo a hadisi ta haɗa da mai sayenta da mai ɗaukarta da mai shayar da ita.

Na biyar: karin kumallon gida da ƙullin waina

Asalin abinci halacci ne, kuma koyon girkin wasu ƙasashe babu laifi a cikinsa. Karin kumallon mutanen Texas da New Mexico da Arizona ya ginu ne a kan ƙwai da wake da tumatir da barkono da gurasar masara ko ta alkama, duk kuwa abubuwa ne da ake samu a kasuwar Getso da ta Gwarzo. Abin kiyayewa shi ne chorizo da kitsen aladen da suke soya wake da shi ko su murza a fulawa. Maiɗakinka ta sa niƙaƙƙen naman sa da tattasai da tafarnuwa a madadin na farko, man gyaɗa ko man shanu a madadin na biyu. In girki ya nemi sheri ko wata giya, romon nama da ɗan ruwan tsamiya ko lemon tsami ya wadatar.

Maganar yis kuwa, gaskiya ne yana fitar da iska da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na barasa yayin da ƙulli yake tashi. Amma ƙullin waina da na funkaso da gurasa ba giya ba ne, ba a yi su don maye ba, kuma da mutum zai ci kwano goma ba zai bugu ba. Ma'aunin da hadisin Jabir ya kafa shi ne mai yawan abu ya bugar. Musulmi suna cin gurasa mai tsami tun zamanin sahabbai babu wanda ya hana. Haka koko da nono da daddawa. Ta ci gaba da girkinta, ta bar wasiwasi.

Abin da ake kula da shi a gida shi ne abin sha mai zaƙi da ya daɗe, kamar kunun zaƙi ko zoɓo a lokacin zafi. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi busasshen inabi, ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a ba wani ya sha ko a zubar. Idan kunu ya fara kumfa da kansa, warinsa ya koma na giya, ana tsoron ya bugar, to a zubar da shi.

Allah Ya tsare mana cikkunanmu daga haram, Ya sanya albarka a karatunka.

Allah ne Mafi sani.