Wasa, Ba'a da Taubasantaka

A cikin Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ba a ɗaga murya. Ana cire takalmi, a yi sallama, a yi addu'a. Amma da an fito waje, inda masu carbi da turare suka baza kaya, za ka iya jin ɗan tireda Bafulatani ya dubi baƙon da ya zo ziyara daga Borno ya ce, "Kai bawana, mi ya kawo ka wurin kakana?" Babarbaren ya mayar masa, "Na zo in ga ko kun koyi zaman gari, ko har yanzu kuna bin saniya." Su kwashe da dariya, a rage masa kuɗin carbi.

Da wani ne ya faɗi wannan magana, da sai an raba faɗa. Bahaushe yana duba bakin da zolaya ta fito da kunnen da ta faɗa kafin ya sa mata suna.

Raha ta kowa ce, hira mai daɗi da ba ta da wanda aka nufa. Barkwanci labari ne ko furuci mai sa dariya. Daga zolaya ne ake fara nuna mutum da yatsa, tsokana kuma tana neman a tanka mata. Ba'a ta fi su kaifi, don akwai raini a gindinta. Izgili kuwa ya fita daga wasa gaba ɗaya, shi ne abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana. Habaici da gatse da shaguɓe wani gida ne daban, na mai jin haushi da ba ya son kama suna.

Taubasantaka ce ke ba mutum lasisin taka wannan iyaka. Asalinta cikin gida yake: ɗan mace da ɗan namiji, wato 'ya'yan wa da ƙanwa, su ne taubasai. Kaka da jika ma abokan wasa ne, shi ya sa tsohuwa ke kiran jaririn ɗanta "mijina". Daga nan aka shimfiɗa ta kan ƙabilu da garuruwa: Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi. Maƙwabtanmu ma haka suka yi. Fulani na cewa dendiraagu, Zabarmawa na cewa baasetaray, kuma duka biyun daga sunan wannan dangantaka ta 'ya'yan wa da ƙanwa suka fito. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam.

Har a Japan ana rarrabe wasa da cin zali. Suna da ijiri, tsokanar abokai, da ijime, cin zali, kuma ijime ya yi tsanani a makarantu har aka yi masa doka a 2013. Sau da yawa mai cin zalin yakan ce ijiri yake yi, kamar yadda namu ke cewa "ai wasa nake".

Abin da ke damuna shi ne yadda muka riƙe rabin taubasantaka muka yar da rabi. Taubashi yana da haƙƙi a kanka. Idan watan cika-ciki ya kama ana biyan kuɗin shara tsakanin taubasai, idan ya shiga rigima kai ne mai rabawa, idan ya sauka garinku baƙo kai ne masaukinsa. Yaron da ke zagin Gobirawa a Facebook yana cewa wasan ƙabila ne bai taɓa ba Bagobiri ko ruwan sha ba. Dattawan unguwar Hubbare ba za su kira abin da yake yi wasa ba, cin fuska za su ce.