Yadda Aka Fara Hayar Kwamfuta

Cikin shekarun 1950 kwamfuta na'ura ce mai cika ɗaki guda, sayenta kuwa sai gwamnati, ko babbar jami'a, ko kamfanin da ya ƙasaita. Wanda ya ke son a yi masa lissafi sai ya huda tambayarsa a jikin katuna, ya kai wa masu tsaron na'urar, ya koma ya jira. Wani lokaci sai ta kwana kafin ya sami amsa. In kuwa ya yi kuskuren harafi ɗaya, to, aiki ya koma ɗanye.

Wannan jira ya dami masana ƙwarai. Suka ce tun da na'urar ta fi ɗan Adam sauri nesa ba kusa ba, me zai hana a zaunar da mutane da yawa, kowa da abin buga rubutunsa, ita kuwa ta riƙa zagayawa tana ba ko wanne ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido? Misalinta kamar malamin da ke biya wa almajirai karatu, amma don tsananin saurinsa kowa ya zaci shi kaɗai a ke biya wa. Cikin 1961 Fernando Corbató ya gwada wannan dabara a jami'ar MIT ta Amurka, ta kuwa ci. A shekarar nan kuma John McCarthy ya yi jawabi, ya ce wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta yadda a ke sayar da aikin wayar tarho.

Ma'aikatan kamfanin IBM da ke garin Kambirij na Amurka suka ƙara gaba. Suka shirya wani tsari mai suna CP-40, wanda ya fara aiki cikin 1967. Shi wannan ya kan zauna tsakanin na'ura da masu aiki da ita, ya nuna wa ko wanne cikakkiyar kwamfuta tasa ta kansa, alhali kuwa inuwa ce kurum, ƙarfen guda ɗaya ne. Inuwa 14 ya ke iya fitarwa. Amfanin abin shi ne, in wani ya yi ɓarna inuwarsa ta rushe, sauran ba su ko sani ba. Cikin 1972 IBM ya sa irin wannan tsari a kasuwa da sunan VM/370.

Sa'an nan zamani ya juya. Ƙananan kwamfutoci suka yi araha, musamman bayan 1981, kowa ya sayi tasa, zancen rabo ya kwanta. Amma da intanet ta bunƙasa cikin shekarun 1990, sai kamfanoni suka cika ɗakuna da kwamfutocin da a ke kira saba, watau masu yi wa sauran hidima, ko wace ɗaya da aikinta guda. Yawancin yini suna zaune ba aikin kirki, sai shan lantarki. Nan fa aka tuna da tsohuwar dabara. Kamfanin VMware, wanda aka kafa cikin 1998, ya sa ta yi aiki a irin waɗannan na'urori masu araha. Cikin 2003 kuma masanan jami'ar Kambirij, wannan karon ta Ingila, suka fito da nasu mai suna Xen, suka bar wa kowa kyauta.

Da Xen ɗin nan kamfanin Amazon ya yi amfani sa'ad da ya buɗe hayar kwamfuta cikin Agusta 2006, da sunan EC2. Galibin masu ƙaga shi a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu su ke zaune. Kuɗin haya a lokacin santi 10 ne a awa. Ɗalibin da ba shi da ko sisin sayen saba ya sami ikon kama guda da safe, ya sake ta da maraice. Abin da a ke kira gajimare ke nan, sunan kuwa ya samo asali daga al'adar injiniyoyi ta zana girgije a takarda in suna nufin wayoyin da ba su ne ke lura da su ba.

Saura magana ɗaya mai wuya. Masu haya dubbai, waɗansu ma abokan hamayya ne a kasuwa, saƙonninsu duk cikin waya ɗaya su ke bi. Ina katanga? Ƙa'idar da aka tsayar cikin 1998 ita ce a liƙa wa ko wane saƙo lambar gidansu, kada a miƙa shi sai ga mai irin lambar. Amma lambobin 4,094 ne kaɗai, ba su isa babban gidan haya ba. Cikin 2011 aka kawo wata hanya mai suna VXLAN. Ita kan sa saƙon mai haya cikin wani ambulan, a rubuta sabon adireshi a baya, in ya isa a fitar da shi. Lambobinta sun haura miliyan 16. Ta irin wannan hikima ce ko wane mai haya ke ganin kamar an ja masa wayarsa dabam, ba wanda ke leƙa masa.

Duk da haka ƙarfe yana nan a ƙasa, cikin gini, sunan gajimare bai ɗaga shi sama ba. Daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a ma'ajiyar kamfanin OVH da ke Sitarasbog ta ƙasar Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus, ta taɓa na kusa da shi. Ba a rasa rai ba, amma shafukan intanet masu yawan gaske suka ɗauke a safiyar nan. Masu hayar da suka ajiye kwafen kayansu a wani gari suka kama sababbin inuwoyi, suka ci gaba da aiki. Waɗansu kuwa, ashe kwafen nasu a harabar nan ya ke tare da na asali, duka biyu suka ƙone.