Kyanga, Tchanga, Kenga: Wa Ya Raɗa Sunan?

A ƙasar Illo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, in ka nufi yamma wajen iyakar Benin, akwai 'yan ƙauyukan da har yau ake magana da wani harshe mai tarin sunaye. Mu Hausawa mukan ce Kyangawa, harshensu kuma Kyanganci. A littattafan masana kuwa za ka tarar da Kyanga, Kyenga, Tyenga, Tienga, Tchanga, Cenka, har da Kenga. Mutanen dai su ne. Kunnuwan da suka saurare su ne suka sha bamban.

Rigimar duk a bakin kalmar take. Sautin nan na farkon "kyau" da "kyanwa" ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, don haka ya rubuta shi da "ky" ya wuce abinsa. Bafaranshe ba shi da shi, sai ya lalubo mafi kusa: wani ya sa "ti", wani "ty", wani "tch". Shi ya sa a Gaya ta Nijar ake rubuta Tchanga, a Kamba ta Najeriya kuma Kyanga, alhali tsakanin garuruwan biyu tafiyar babur ce. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda ta bar Illo a hannun Ingila, Nikki a hannun Faransa, ba ƙasar Bargu kaɗai ta tsaga ba. Har haruffa ta raba.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Kenga. Wani ya ga "y" ɗin ta yi masa yawa, ya yar da ita, bai san cewa a yankin Gera na ƙasar Cadi akwai wata al'umma mai suna Kenga ba, wadda harshenta ba ya ko ga-maciji da wannan. Mai bincike ya yi sake, sai ya nemi mutanen Illo a duwatsun Cadi.

Irin wannan ta faru da wasu mutane can cikin tekun Pasifik. Takuu 'yan tsibirai ne ƙanana a Papuwa Niyu Gini, mazaunansu ɗaruruwa ne kawai, harshensu kuma na dangin Polinisiya ne. Wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, James Mortlock, ya hango su a 1795, sai taswira ta laƙaba musu sunansa. Matsalar ita ce akwai wasu tsibiran Mortlock a Maikronisiya, masu nasu harshen daban. Da Richard Moyle ya fitar da nahawu da ƙamus ɗin harshen a 2011, sunan masu wurin ya sa a bango: Takuu, da "u" biyu, don wasalin dogo ne. Mu da muke rubuta "gari" ɗaya tak, ko na zama ko na tuwo, ya kamata mu ɗan ji kunyar wannan "u" ta biyun.

Mu dawo Kebbi. Gangara da kogin Kwara wajen Yawuri, ga ƙaramar hukumar Shanga, ga Shangawa. Kyanga da Shanga: faɗe su a jere ka ji yadda harshenka ke zamewa daga wannan zuwa wancan. Masana sun tabbatar harsunan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, duk da cewa kowanne ya kama gabansa.

Sai Kyangakwai, garin da ke ƙaramar hukumar Dandi. Kunnen Bahaushe zai so ya ji "akwai" ko "bakwai" a wutsiyar sunan. Ba ko ɗaya. A Zabarmanci da Dandanci, harsunan Songai, "koy" mai abu ne, ko sarki. Sarkin Dosso Zarmakoy ne, Ubangiji kuma Irkoy, wato mai mu. Kyangakwai ke nan Sarkin Kyanga: kan sunan na Kyangawa, wutsiyarsa ta Songai, lafazin kuma na Hausa. Shi kansa "dandi" kudu yake nufi a Zabarmanci, wajen da ruwan kogi ya dosa. Ƙasar Dandi kudu ce ga wanda ya tsaya a Gawo ko Yamai. Ga mutumin Bagudo kuwa, arewa take da shi, amma haka zai kira ta.

To, Kyanganci ɗan wane gida ne? Ba dangin Hausa ba ne, ba na Zabarmanci ba. Na Mande ne, gidan su Bambara na Mali da Jula, a reshen gabas mai nisa. 'Yan uwansa na kusa su ne Busanci, wanda ake ji a Illo da Bussa, da Bokobaru na Kaiama, da Bisa na Burkina Faso da Gana, waɗanda 'yan zango ke kira Busanga. Sai kuma Boko, na wajen Segbana, ƙetaren iyaka daga Tsamiya.

I, Boko. Ba ruwansa da karatun boko, ba ruwansa da bokon da ake wa buhu. Haɗuwar sauti ce kawai, kuma masu harshen ma "Boo" suke cewa, ba su da "k" ɗin da ta jawo musu tambaya. Ross Jones, wanda ya daɗe yana aiki a kansa har ya rubuta ƙamus na Boko da Busa da Bokobaru, shi ne kuma ya bi ƙauyukan Kyangawa yana neman masu jin harshen. Abin da ya tarar: Kyangawa suna da yawa, masu Kyanganci kaɗan ne ƙwarai. Na Najeriya akasari sun koma Hausa, na Benin sun koma Dandanci.

A nan ne nahawunmu ke ba ni ɗan tsoro. Hausa ba ta rasa awon da za ta yi wa kowa riga: Ba- a gaba, -awa a baya, -anci ga harshe. Cikin ƙiftawar ido ta ɗinka Kyangawa da Kyanganci, sun zauna daram. Amma ita ce kuma ta zauna a bakin 'ya'yansu.

Ga wata kalmar da ban taɓa tsayawa a kanta ba sai yanzu. Larabci harshe muke ce masa. Turanci harshe. Hausa harshe. Amma in tsofaffi biyu suka juya zuwa Kyanganci a kasuwar Lolo, na kusa da su cewa zai yi, "Suna yare." Ba wanda ke cewa Balarabe yana yare. A ƙamus kalmomin biyu kusan ɗaya suke, a kasuwa kuwa ɗaya ta fi ɗaya tsada, kuma yaron da ke riƙe wa kakarsa kwando yana jin wadda aka zaɓar mata.