Saran Icce: An Gwada Hani, Maraɗi Ta Gwada Gyara

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, gidaje da yawa da suka saba da gas suka koma murhu. Duk mai bin titin Kano zuwa Katsina yana ganin tulin icce da buhunan gawayi a bakin hanya. Sai ka ji ana cewa kawai gwamnati ta hana sara. To jama'a, hanin nan fa tsohon zance ne.

Turawa sun kafa dokar daji a 1916, suka sake ta a 1937. Aka keɓe gandaye irin su Ruma Kukar Jangarai, aka ɗauki malaman daji a ƙarƙashin En'e. Wasu itatuwa ko a gonarka suke, sai da izini ka taɓa su. Mutum kuwa ba ya rainon abin da ba nasa ba, balle wanda zai jawo masa tara.

Bayan farin 1973 da na 1984 sai hankali ya koma kan dashe. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fara shirin dashen itatuwa da kuɗin Tarayyar Turai a arewacin jihar. An samu bedi da turare, ba a musu. Amma dashe yana son ban ruwa da shinge da mai gadi, duk kuwa kuɗi ne.

A daidai wannan lokaci maƙwabtanmu na Maraɗi suka bi wata hanya. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace bazara kututturan itatuwa ne masu rai. Saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa. Abin da ake yi shi ne a zaɓi tofo ƙwarara kaɗan a kan kowane kututture, a sare sauran, a rage rassan ƙasa. Wanda aka bari ya daina rabon ruwa da tofo ashirin, sai ya miƙe da sauri fiye da dashe. Wanda aka sare kuma ya tafi murhu. Yunwar 1984 ta yaɗa abin ta hanyar aiki a biya da abinci, har aka raɗa masa suna sassaben zamani. Daga baya hukuma ta sassauta, manomi ya san iccen da ya raina shi zai ci moriyarsa. Masu bincike sun ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram.

Yanzu mu dawo gida. Gonakin Kankiya da Kusada cike suke da kalgo da sabara, ga 'ya'yan gawo. Kowace shekara suna tofowa, kowace shekara mu sare mu cinna wuta. Gawon nan kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya hana gero rana, 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Ɓarna ita ce tone saiwa, da kayar da tsohuwar ƙirya ko marke don buhun gawayi.

Abu biyu nake roƙo. Ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai su fito fili su ce iccen da ka raina a gonarka naka ne. Sannan a zauna da makiyaya da masu sana'ar icce a yi ƙa'idar sara: wane reshe, wane lokaci. Ba a buƙatar kwangila, lauje da gatari sun isa.

Kafin sharar gona ta bana, kowa ya bar ko da kututture goma. Allah Ya ba mu damina mai albarka.