Dawowar Ƙungiyar Osibisa da Faifan Monsore

Duk wanda ya san zangon Kumasi ya san cewa fataucin goro ne ya tara Hausawa a wannan birni na Asante. Birnin ya kuma fitar da makaɗan zamani, kuma babu wanda sunansa ya kai nesa kamar Teddy Osei, wanda aka haifa a can a 1937. Shi Ba'asante ne, ba ɗan zango ba. Ya yi busa a ƙungiyar Comets tare da ƙanensa Mac Tontoh, sannan ya tafi Landan a 1962 don karatun kiɗa.

A 1969 ne suka kafa Osibisa a Landan, su biyu da makaɗin ganga Sol Amarfio, da wasu mutum uku daga tsibiran Karebiyan, da Lasisi Amao daga Nijeriya. Abin da suka yi shi ne gwama kiɗan hailaif da gangunan gida da jita mai lantarki irin ta rok. Faifansu biyu na farko, Osibisa da Woyaya, duk sun fito a 1971, da hoton giwaye masu fukafukai wanda Roger Dean ya zana a bango. A 1976 waƙarsu Sunshine Day ta shiga jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila. A 1980 kuwa sun yi wasa a bikin 'yancin kan Zimbabuwe.

Daga nan sai kasuwa ta juya musu baya. A Turai disko da kiɗan na'ura sun karɓe fage, manyan kamfanonin faifai suka daina ɗokin ƙungiya mai mutane da yawa da kayan busa, domin ɗaukar nauyinta akwai tsada. A gida ma ba a samu mafaka ba. Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 an sa dokar hana fitar dare wadda ta kai har 1984. Makaɗi kuwa da dare yake neman abinci. Gidajen rawa na Akara da Kumasi suka mutu, makaɗa da yawa suka watse zuwa Jamus da Ingila. Osibisa ba ta rushe gaba ɗaya ba, sai dai an daina jin ɗuriyarta.

Abin lura shi ne, tsofaffin waƙoƙin ne suka share wa sababbi hanya. Da faifan CD ya yaɗu a farkon shekarun 1990, sai aka shiga sake buga ayyukansu na da, waɗanda suka saurare su suna samari suka sake saye, 'ya'yansu kuma suka ji a karon farko. Wannan ne ya ba Teddy Osei ƙarfin guiwar tara sababbin makaɗa ya koma situdiyo. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Red Steel ya fitar da Monsore, kalmar da ke nufin "ku tashi" a harshen Twi.

Idan da ciniki za a auna, Monsore bai kama ƙafar Woyaya ba. Nasararsa ta wani fanni ce. Ƙungiyar da ba ta da sabon aiki, kallon kayan tarihi ake yi mata, ana gayyatarta ne kawai don tuna baya. Wannan faifai ya raba Osibisa da wannan matsayi, ta ci gaba da yawon wasa, har ta sake fitar da Osee Yee a 2009.

Mac Tontoh ya rasu a 2010. Faifan New Dawn ya fito a 2021, shekara 50 bayan na farko, lokacin da rashin lafiya ta riga ta raba Teddy Osei da dandali. Sol Amarfio ya rasu a 2022, shi kuma Teddy ya rasu a Landan a Janairun 2025.