Askar Gado a Ƙasar Gaya

Ruwayar baka ta ce Abagayawa, maƙeran da suka zauna gindin Dala neman tama, daga Gaya suka taso. Mu da muka tashi tsakanin Gaya da Ajingi mun tarar da sauran wannan ƙira a zabirar wanzami, domin askar da yake aiki da ita maƙeri ne ya ƙera ta, galibi tun zamanin kakansa.

Ɗan wanzami ba ya fara koyo da kan mutum. Sai ya daɗe yana ɗaukar zabira, yana jiƙa kai da ruwa da sabulu, yana wasa aska a dutse da fata har uban ya gwada kaifinta ya gamsu. Daga nan a ba shi ƙeyar ƙannensa, ya koyi kwantar da aska da jan fata da ɗan yatsa. Gaban goshi, inda Hausawa suka ce aski ya fi zafi, shi ne na ƙarshe. Askin jariri ranar suna kuwa, da ƙaho da kaciya, sai hannu ya faɗa.

Abin da ya girgiza wannan gado shi ne cutar ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a Nijeriya a 1986. Ma'aikatan lafiya suka yi ta gargaɗi a kan aska ɗaya ga kawuna da yawa, kuma gaskiya suka faɗa. Wanzamai da dama suka koma reza, kowane kai da tasa. Reza ba a wasa ta, don haka yaron da ya gaji askar kakansa yau yakan iya aski bai taɓa riƙe dutsen wasa ba.