Wa Ya Rubuta Faɗuwar? Nazari Kan Hukuncin Masu Kallon Resilin a Gonin Gora

A Gonin Gora, inda matafiyi daga Abuja ke fara shaƙar iskar Kaduna, resilin ba ya iske mutane a farke. Ƙarfe takwas na daren Litinin ake fara shirin Raw a gabashin Amurka, wato ƙarfe ɗaya ko biyu na dare a nan. Mafi yawan masu bibiya sai gari ya waye suke gani, ko maimaici a gidan kallo, ko guntaye a waya. Sau da yawa sun san wanda ya ci kafin su kalla. Abin da ke kai su ga ɗaga murya a teburin mai shayi shi ne dalilin da ya sa aka ba shi.

Kalmar "aka ba shi" ita ce mabuɗin wannan nazari. Tsohuwar gardamar ko resilin gaskiya ce ko ƙarya ta mutu tun 1989, lokacin da kamfanin Vince McMahon, wanda yanzu ake kira WWE, ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa nishaɗi yake sayarwa, ba gasa ba. Faɗuwar da ciwonta na gaske ne, amma sakamakon a rubuce yake, kuma tun Yulin 2022 Triple H ne ke riƙe da alƙalamin. Saboda haka idan saurayi ya buga benci ya ce an cuci gwaninsa, da marubuci yake.

Da wane ma'auni yake auna cutar? A ganina daga filin dambe da kokawa ya ɗauko shi, ko da shi ba Bahaushe ba ne, domin unguwar ta tara harsuna da yawa amma Hausa ce ke haɗa hirarta. A gidan dambe, ɗan wasa yakan fito ya yi kirari, a sa zare, a yi turmi uku, ko a yi kisa ko a tashi babu kisa. Kirarin nan bashi ne: wanda ya cika baki sai ya biya da hannunsa a gaban jama'a. Haka kokawar Nijar, inda tun 1975 ake neman takobi: ba ka ɗaga shi sai ka bi ta kan mazajen jihohi ɗaya bayan ɗaya. Surutun da 'yan resilin ke yi da makirufo mako-mako kirari ne, babban wasa kamar WrestleMania kuwa ranar biyan bashi. Mai kallo ya yarda a shirya masa labari. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a ci bashin hankalinsa a ƙi biya.

Shi ya sa doguwar sarautar Roman Reigns, kwana 1,316, ba ta bar ƙulli a zuciya ba duk da gajiyar da ta jawo: a Afrilun 2024 Cody Rhodes ya kayar da shi bayan an yi shekara biyu ana gina hanyar.

Labarin Kofi Kingston daban ne, kuma nan ne ciwon yake. Haifaffen Gana ne, amma da farko kamfanin ya gabatar da shi a matsayin ɗan Jamaika. Ya yi shekara 11 yana tashi sama yana faɗowa domin wasu su haskaka. A farkon 2019 'yan kallo suka dage da kiran sunansa har marubuta suka canja shiri, ya doke Daniel Bryan ranar 7 ga Afrilu ya ɗauki kambun WWE, ɗan Afirka na farko ta haihuwa da ya riƙe shi. Wata shida bayan nan, ranar 4 ga Oktoba, daren da shirin SmackDown ya koma tashar Fox, aka haɗa shi da Brock Lesnar. Kofi ya yi tsalle, Lesnar ya cafe shi a kafaɗa, ya maka shi da ƙasa, alƙali ya ƙirga uku. Ba a cika daƙiƙa goma ba. Kafin mutum ya gama haɗiye abin, an shigo da Cain Velasquez, labari ya koma kansa. Kofi bai sami ramuwa ba. Lissafin kasuwa a fili yake, sabuwar tasha na son babban suna. Amma ko a dambe, inda kisan farat ɗaya ba baƙo ba ne, wanda aka buge yana da gobe: zai dawo, makaɗi zai sake kiransa. Nan an hana shi goben, kuma da gangan, tunda hannu ne ya rubuta.

Misali na biyu ya fi kusa da gida. A 2021 aka sauya wa Apollo Crews kama. Sunansa na yanka Sesugh Uhaa, haifaffen Amurka, asalinsa Tibi daga Binuwai. Aka rataya masa gyale kore da fari, aka damƙa masa mashi, ya sauya karin harshe. A WrestleMania ta 37 aka haɗa shi da Big E a wasan da aka kira faɗan gangar Nijeriya. Aka jera ganguna a gefen fili, aka yi ta jibga da sanduna, ya karɓi kambun Intercontinental da taimakon wani ƙato, Commander Azeez. Ɗan Nijeriya ya ci, kuma an yi murna, ban musa ba. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya san ganga ba kayan ado ba ce. Kalangu magana yake yi. Makaɗi ya danna tsarkiya a hammata, ya kira taken ɗan dambe, ka ga jikin mutum na tsuma kafin ya shiga fili. Abin da ya ɗaure sunan makaɗi Ɗan Anace da na ɗan dambe Shago ke nan. Da marubutan sun tambaya, da sun sami abin da ya fi mashi ƙarfi, domin resilin ma da kiɗan shigowa yake rayuwa: ƙararrawar Undertaker take ce. Sun riƙe ganga a hannu, ba su san tana da baki ba.

Tafiyar Oba Femi, ɗan Legas, ta bi hanyar da wannan ma'auni ke so. Bai zo da mashi ba. Ya ci gasar sababbin 'yan wasa ta NXT, reshen WWE na masu tasowa, ya ɗauki kambun Arewacin Amurka a Janairun 2024, ya riƙe shi wata tara yana kayar da masu zuwa, sannan a Janairun 2025 ya ɗauki babban kambun NXT. Turmi bayan turmi aka gina shi, har takunsa na shigowa ya zama abin kwaikwayo.